Abin da Ke Kai Orrin Gonar Tebbs

Alder Creek, Utah,
5 ga Oktoba, 1981.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, LaRue,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Ferrin da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Ina roƙon Ubangiji Ya ƙara wa Ferrin sauƙi, Ya dawo masa da ƙarfin hannun nan da ya shanye, ke kuma Ya ba ki ladan jinya da juriyar sanyin Kanada, wanda na ji an ce ya riga ya fara leƙo ku. Mu nan lafiya lau muke. Matata Ardith ta gama zuba tuffa a kwalba, ta cika rumbun ƙasa har ba wurin aje ƙafa, tana ta mitar cewa itacen da Baba ya dasa ya fi mu ƙwazo duk da tsufansa. 'Yarmu Colleen ta haihu ranar sha biyu ga watan jiya, mace, an sa mata sunan Mama. Ni kuma ina nan da ajina na addini a ɗan ginin da ke gefen makarantar sakandare, yara arba'in da ɗaya bana, masu kaifin kai da yawan tambaya, irin waɗanda nake so.

Yaya, da na kira ki a waya, amma kin san layinmu ɗaya ne da gidaje shida, kafin in ajiye kan wayar rabin gari ya ji. Maganar kuwa ta ɗanki Orrin ce, kuma ba irin wadda ake bari ta faɗa kunnen maƙwabta ba ce. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Yana raye, yana da lafiyar jiki, wannan na fara faɗa miki don hankalinki ya kwanta. Amma ransa na cikin haɗari, kuma ina da hannu a cikin abin da ya kai shi nan.

Kwana huɗu kawai kika yi da mu a watan Yuli, kika koma saboda Ferrin, kuma lokacin duk muna ganin mafi munin abin ya wuce. Kin ji yadda mai kula da rabon ruwa ya ba da shaida: ruwa ya yi ƙaranci a rafi, lokacin Orrin ne na shayar da gona, ya tarar Merrill Tebbs ya karkata ruwan zuwa nasa filin, cacar baki ta kaure, Merrill ya sauke masa shebur a kafaɗa har ƙashi ya karye, ya sake ɗagawa zai sara masa a ka. Orrin na kwance cikin laka ya zaro 'yar bindigar da yake ɗauka saboda macizai, ya harba sau ɗaya, Merrill ya mutu. Hukuma ta bincika ta ce kare kai ne, ba ta shigar da ƙara ba. Bishop ɗinmu da na sama da shi suka zauna, su ma suka ce ba su ga laifin da za su hukunta ba. Muka gode wa Allah, muka ɗauka an rufe littafin.

Bayan tafiyarki ya daina karɓar jibin Ubangiji. Idan farantin burodi da ruwa ya iso layinsu ran Lahadi, sai ya miƙa wa matarsa Sherida ba tare da ya taɓa ba. Na ce a bar shi, mai rauni ba a matsa masa. Da kafaɗar ta fara warkewa a ƙarshen Agusta, sai ya soma zuwa gonar marigayin kullum da safe. Yana yashe wa gwauruwar, Nedra, magudanan ruwa, ya gyara shinge, ya kwashe mata harawa da hannu ɗaya da rabi. Bai taɓa shiga gidan ba, bai taɓa karɓar ko kofin ruwa ba. Gari ya ɗauka da yabo. Bishop ya tsaya a gaban jama'a, bai ambaci suna ba amma kowa ya gane, ya ce ga yadda tuba ta gaskiya take. Ni ma, Yaya, har misali na yi da shi a aji. Na ce wa yara su dubi mutumin da shari'a ta wanke amma bai wanke kansa daga haƙƙin maƙwabtaka ba. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mutum zai sa farar riga mai guga ya shiga yasar kwata ba.

Sherida ce ta buɗe mini ido. Ta zo ajina ranar Talatar makon jiya bayan yara sun fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi zama. Ta ce, Kawu, kai mai karatu ne, ka gaya mini ma'anar wannan. Ta ce kullum da kansa yake goge farar rigar, ya aske gemu kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ta ce ta buɗe akwatin ƙarƙashin gado neman bargo, ta tarar da fararen kayansa na haikali, waɗanda muke binne matattunmu da su, a wanke, a ninke, da takarda a kai mai ɗauke da sunanta. Kuma ba ya zuwa gonar sai a lokacin da ya san Boyd, ƙanen marigayin, yana can yana ba dabbobi abinci. Kin san Boyd da zafin zuciya tun yana yaro, kin kuma san bindigarsa ta farauta ba ta sauka daga a-kori-kurarsa. Da ta matsa wa Orrin da tambaya, wai sai ya shafa kanta ya ce kada ta damu, akwai bashin da ba a biya da shebur, kuma Kawu Verl ne ya karanta musu haka a aji.

Na kuwa karanta musu. Shekara goma sha ɗaya ke nan, yana ajin ƙarshe, yana zaune a layi na biyu kusa da taga. A lokacin ina ji da kaina. Akwai masu rarraba 'yan takardu a bakin kantuna suna cewa muna ɓoye tarihinmu, ga kuma abokin aikina mai koyar da kimiyya, wanda ba ɗan cocinmu ba ne, kullum a ɗakin malamai sai ya tsokane ni, ya ce Malam Verl, yau wane shafi aka ce ka tsallake? Sai na yi alkawari yarana ba za su fara jin abu mai ɗaci daga bakin maƙiyi ba. Na je na nemo wa'azozin wasu shugabanninmu na shekarun 1850, na karanta musu inda aka ce akwai zunubin da ya yi nauyin da sai an zubar da jinin mai shi a ƙasa kafin ya samu gafara, kisan kai a kan gaba. Na faɗa musu tsofaffi na cewa shi ya sa har yau jiharmu ke harbe wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Na kuma faɗa musu coci ba ta koyar da wannan, ta faɗa a rubuce tun zamanin kakanninmu. Amma wa'azin na karanta shi da murya mai ƙarfi na minti ashirin, gyaran kuwa na yi shi a tsaye, ƙararrawa na bugawa, yara na tattara littattafai. Magana zarar bunu ce. Ki tuna kuma a teburin Baba Orrin ya girma, kin san yadda Baba ke faɗin irin wannan magana yana yanka nama, kamar yana faɗin farashin alkama.

Washegarin zuwan Sherida na cika jaka da littattafai na sami Orrin a gonarsa yana haƙar dankali. Ya gan ni da jakar ya yi ɗan murmushi, ya ce Kawu ya zo da rundunarsa. Muka zauna a gindin shinge. Na fara da abin da na ɗauka shi ne makamina mafi ƙarfi, wato kurkukun Carthage. Na ce masa annabinmu Joseph, wanda ya kafa cocin nan, ranar da gungun mutane suka hau benen kurkukun da aka tsare shi don su kashe shi da ɗan'uwansa a shekarar 1844, ba hannu sake ya tsaya ba. Wani baƙo ya shigo masa da ƙaramar bindiga a ɓoye, kuma da suka kashe ɗan'uwansa a gabansa ya zura hannu ta ƙofa ya harba, ya ji wa wasu rauni. Na ce shekara da shekaru masu sukarmu na cewa wanda ya mutu da bindiga a hannu ba shahidi ba ne, ɗan faɗa ne da aka fi ƙarfi, ni kuma shekara da shekaru ina amsa musu cewa kare ran da Allah Ya ba ka amana, da na abokan da ke ɗaki tare da kai, ba ya rage wa mutum komai. Na ce idan annabi ya harba bai zama mai laifi ba, to kai da kake kwance cikin laka da karyayyen ƙashi fa? Na yi magana mai kyau, Yaya. Da a aji ne da na ji daɗin kaina.

Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce duk ya yarda, bai taɓa shakkar shahadar annabi ba. Amma ya ce in duba ƙarshen labarin da kyau. Annabi ya harba, kafin minti kaɗan nasa jinin ya kwarara a wannan wurin, a wannan ranar. Shi kuwa ya harba, aka kai shi asibiti aka ɗaure masa kafaɗa, da yamma Sherida ta kawo masa miyar kaza ya sha, har ya nemi ƙari. Ya ce wannan ƙarin miyar shi ne abin da ya kasa haɗiyewa har yau. Ya ce kuma akwai abin da bai gaya wa hukuma ba don ba su tambaya ba: tun safiyar ranar ya san Merrill zai taɓa ruwan, ya kuma san babu maciji a wannan ɓangaren rafin, amma ya ɗauki bindigar. Wai shi kansa bai san ko don tsoro ya ɗauka ko don fushi ba, kuma idan shi bai sani ba, mai kula da rabon ruwa da ke tsaye nesa ina zai sani?

Na koma kan maganar fansa. Na ce jinin Almasihu bai da iyaka, wanda ya ce akwai zunubin da ya fi ƙarfinsa ya raina shi ne. Na nuna masa inda shugabanni suka nisanta coci daga waccan koyarwa, na da da na kwanan nan. Ya karɓa ya karanta a nutse, ya miƙo mini. Ya ce, Kawu, waɗancan sun yi magana kamar masu rantsuwa, waɗannan sun yi magana kamar lauyoyi, kai wa za ka ba amanar lahirarka? Na ce to ko a waccan koyarwar ba a ce mutum ya kashe kansa ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ba zai taɓa yi da hannunsa ba, kuma tunda hukuma ta ƙi karɓar abin da ya kai mata, akwai wanda ya fi hukuma haƙƙi a kai. Ya faɗi haka yana kakkaɓe ƙasa daga dankali, ya zaɓi manya guda shida ya ce in kai wa Ardith. Garin neman gira na rasa ido. Na je in kwance shi da tarihi, sai na tarar na ƙara masa hujja, don kafin zuwana bai taɓa auna kansa da Carthage ba.

Ranar Juma'a na bar jakar a gida na tafi wurin Boyd. Na same shi a garken shanu, bai amsa gaisuwata ba. Shi ma ɗalibina ne a da, irin na layin baya. Ya ce ya san abin da ya kawo ni, kuma ni ne na ƙarshe a garin nan da ya kamata in yi mamaki. Ya ce tun mako na biyu ya gane. Mutum ya zo da farar riga, ya zaɓi wurin da ke daidai da ƙofar rumbu, ya durƙusa ya juya maka baya, ya yi awa guda yana tonon ramin da minti goma ya isa, ai ko saniya ta gane. Ya ce su bishop na can suna tafa masa, shi kuwa kullum da safe ana kawo masa jarabawa har gida. Sannan ya dube ni ya ce sau biyu ya ɗora shi a bakin bindiga, Malam, sau biyu, na biyun har yatsansa ya hau kunamar bindigar. Abin da ya tsayar da shi ranar, ƙaramar 'yar Merrill ce ta fito da kwanon abincin kaji.

Bai tsaya nan ba. Ya ce Orrin ya same shi ranar Laraba, bayan na bar wurin Orrin ɗin ke nan, ya roƙe shi su hau dutse tare ranar buɗe farautar barewa, su biyu kawai, wai don a samo wa Nedra naman hunturu. Wai Orrin ya ce shi ba zai ɗauki bindiga ba, zai shiga kurmi ne ya koro, kuma ba ya son jar rigar nan da mafarauta ke sawa don a gan su, tana sa shi ƙaiƙayi. Kin san duk shekara sai an ji wani ya harbi mutum a dutse bisa kuskure, kuma ba mai tuhuma sosai. Boyd ya ce bai ce masa e ba, bai kuma ce a'a ba, kuma wannan shirun nasa ya fi komai ba shi tsoro. Ya ce, ɗanku yana so ya yi wanka da hannuna, to ni wa zai wanke ni? In na gama, a ƙofar wa zan je in durƙusa da tawa farar rigar, ta Sherida? Ya je mota ya ɗauko bindigar, ya zare ƙarfen da ke tura harsashi, ya jefa mini a ƙirji. Ya ce in tafi da shi, amma in sani bindiga ba ta ƙare a garin nan ba, kuma shi bai yafe ba, ba ya jin zai yafe. In ina son ɗan yayata, in fitar da shi daga kwarin nan kafin Asabar ɗin farauta.

Daga nan gidan Orrin na wuce. Na ajiye ƙarfen a kan teburin girki a gabansa da Sherida, na maimaita maganar Boyd yadda ya faɗe ta, ban ƙara ko aya ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya tambaye ni ko da gaske Boyd ya ce a ƙofar wa zai durƙusa. Na ce da gaske. Ya ce shi bai taɓa tunanin bayan abin ba, a lissafinsa daga shi magana ta ƙare. Sai ya ce, ke nan babu ƙofa ko ɗaya, Kawu. Shekara ashirin da shida ina koyarwa, ban taɓa barin tambayar ɗalibi ta faɗi ƙasa ba, amma ranar na rufe bakina, na matsa kujerata kusa da tasa. Sherida ce ta yi magana, ta ce akwai ƙofar mahaifiyarka. Ruwan da ta ɗora ya tafasa har ya ƙone. Daga baya Orrin ya ce to.

Kada ki ɗauka na shawo kansa, Yaya. Har yanzu yana ganin jininsa bashi ne a kansa. Abin da ya dakatar da shi kawai shi ne ya ƙi ɗora wa Boyd irin kayan da yake ɗauke da su, kuma ban san tsawon lokacin da wannan zai riƙe shi ba. Na karɓi hutu a makaranta, kullum ina gonarsa muna kwashe sauran dankalin, surukinsa ya zo ya tattara bindigogin gidan ya tafi da su. Ranar Laraba ta mako mai zuwa za mu taso da mota ni da shi, mu kwana a hanya, mu iso wurinku a Cardston ranar Alhamis da yamma in Allah Ya yarda. Sherida da yara za su biyo baya idan an yi hutun makaranta. Na san kina da majinyaci a hannu, na san nauyin da nake ƙara miki, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abu uku nake roƙo. Ki sa a kai bindigogin Ferrin gidan maƙwabta kafin mu iso. Ki gaya wa bishop ɗinku gaskiyar magana duka, ki kuma nemi likitan da ya san irin wannan ciwo, don na gane ba ciwon da malamin aji ke warkarwa ba ne. Na uku, idan ya kawo miki maganar jini da gafara, kada ki yi gardama da shi. Ya fi mu duka iya gardamar, ni na koya masa.

Ardith na gaishe ki da Ferrin, ta ce za ta saka miki kwalba goma sha biyu a bayan mota ko da wurin zama zai ƙare. Colleen da mijinta Rulon suna gaisuwa, haka Gwaggo Vilate, wadda har yanzu take zuwa coci da ƙafarta tana da shekara tamanin da tara. Ki gaishe mini da Ferrin da kyau, da 'ya'yansa Lamont da Jolene, da duk 'yan'uwa na can da suka tsaya muku a wannan jinya. Sherida ta ce in ce miki ta gode tun kafin ki amsa.

Ɗazu da muke ɗora buhuna na gaya wa Orrin zan rubuto miki, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ɗora wani buhun. Sannan ya ce in gaishe masa da ke, in kuma tambaye ki ko gonar Ferrin na da aikin da zai riƙe mutum har bazara. Tun watan Yuli ban ji ya ambaci wani lokaci da ya wuce ranar farauta ba sai yau. Ki nema masa aikin, Yaya, ko da kwashe duwatsu ne daga wannan gefe zuwa wancan.

Naki ƙane mai ƙaunarki,
Verl